Na'urar kashe gobara da ke jikin gininka: tana aiki kuwa?

Idan kana da sito, otal ko ƙaramar masana'anta a Boutalbagar, cikin gunduma ta 7 ta Njamena, ko kuma kana aiki a ɗaya daga cikinsu, wannan bayani naka ne.

Mece ce ita?

Ba jar tukunyar nan da ake ɗauka a hannu ba ce. Bututai ne da aka bi rufi da su, cike da ruwa, an jera musu ƙananan kawunan feshi. Tanki da injin tura ruwa ne ke ciyar da su.

Yaya take aiki?

A bakin kowane kai akwai ɗan gilashi mai ruwa a ciki. Zafi na kaiwa wani mataki sai ya fashe, ruwa ya fito. Mai jan launi yana fashewa a digiri 68, ruwan ɗorawa a 79, kore a 93. Kada ka ji tsoron za a jiƙa maka kaya duka: kan da zafi ya taɓa kaɗai ke buɗewa. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, zaɓen launin aikin masani ne.

Me za ka duba?

Fara da babban makunnin ruwa. Rufe shi bayan gyara a manta, shi ne babban abin da ke sa irin wannan na'ura ta ƙi aiki. A bar shi a buɗe, a sa masa kwaɗo. Leƙa tanki duk mako, ka duba allurar da ke nuna ƙarfin ruwa. Injin da ya dogara da wutar lantarkin gari kaɗai, a wurina, rabin shiri ne, don gobara ba ta jiran a kawo wuta. Na dizal a riƙa tayar da shi mako-mako kamar na rabin awa.

Ƙurar hunturu da fenti suna toshe kawunan. Kada a jibga buhuna har rufi. A bar aƙalla santimita 45 a ƙasansu.

Nawa ne kuɗin?

Dubawar mako ba ta cin komai sai ɗan mai da lokacinka. Ta shekara ce ke buƙatar ƙwararre da ladansa. Ka sa ya rubuta ranar da abin da ya gani a littafi, kuma idan gobara ta tashi, ko na'urar ta yi aiki, a kira 'yan kwana-kwana.