Madarunfa: sabon malamin asibiti da takardunsa na neman aiki

Kowace shekara makarantun koyon aikin kiwon lafiya, na gwamnati kamar ENSP ta Damagaram da masu zaman kansu na Maraɗi, suna yaye ɗalibai masu yawa. Iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata, sun zuba dukiya domin yaransu su samu diplom. Amma gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata kowace shekara, saboda haka da yawa daga cikinsu suke zaune gida.

Alhali kuwa gundumar Madarunfa tana da bukatar hannu. Tun da aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, mata suke cika gidajen likita na Ɗan Isa, Gabi, Safo da Madarunfa, har da masu tsallakowa daga wajen Jibiya a Najeriya. Idan damana ta sauka, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa kan yara, gadaje su kasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta yi shekaru tana kama ma hukumomin lafiya a wannan yanki, ta sha ƙara ma'aikata na ƴan watanni a irin wannan lokaci. Wanda bai shirya dosiyensa ba sai ya ga sanarwa, galibi ya makara.

Abin da aka saba nema sananne ne: takardar roƙon aiki, takardar haifuwa, ta zama ɗan ƙasa, da kwafin diplom, duka da hatimin ma'aikatar magajin gari ko na ƴan sanda. Akwai takardar gidan shari'a mai shaida cewa ba a taɓa hukunta mutum ba. Ita wannan ba a karɓarta in ta wuce wata ukku. Ƙungiyoyi kuma suna tambayar katin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Ya kamata suna da ranar haifuwa su zo ɗaya a kowace takarda, domin harafi guda yana iya sa a ture dosiye.

Inda sabbin malaman suke tuntuɓe shi ne takardar tarihin karatu da aiki, watau CV. Wasu suna cewa ba su da abin rubutawa tun da ba su taɓa cin albashi ba. Amma koyon aikin da aka yi a asibiti aiki ne. A rubuta wurin, da watannin, da abin da hannu ya taɓa: ɗaura ma jariri ƙarin ruwa, gwajin jinin zazzaɓi, awon damtsen yaro, allurar rigakafi, cika rajista. A haɗa da takardar shaidar da shugaban wurin ya sa ma hannu. Shafi ɗaya cikin Faransanci mai tsabta ya isa. A ambaci jin Hausa da Fulatanci, domin uwar yaro ba da Faransanci take faɗin ciwon ɗanta ba. Ƙarya kuwa ba ta kai ko'ina, tun da akan yi jarrabawa kafin ɗauka.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar iyaye. Kowa yana son ɗansa ya zauna cikin Maraɗi, amma gurabun suna ƙauye. Wanda ya rubuta ƙarara cewa ya yarda a tura shi ko'ina cikin gunduma, kuma zai yi kwanan aiki, ya riga sauran kusa da ƙofa.