Amsoshin Wasiƙunku: Cizon Kare, Horon Kwikwiyo Da Lafiyar Kyanwa

A wannan mako mun ware wasiƙu uku da suka zo mana daga kudancin Jihar Kano, dukkansu a kan dabbobin gida ne, wato kare da kyanwa. Mun ga ya dace mu buga amsoshin a nan domin wanda bai samu sauraro ba ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani manomi a Ƙafin Maiyaki cikin Ƙaramar Hukumar Kiru. Yana cewa karen maƙwabcinsa ya ciji ɗansa a ƙafa, an shafa toka da barkono, ciwon kuma ya fara bushewa. Shin akwai sauran abin tsoro?

To Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Amsa ita ce akwai, kuma muna roƙonka ka kai shi asibiti yau ɗin nan, kada ka jira ranar kasuwa. Bushewar ciwo ba ta nuna an tsira. Abin tsoro a cizon kare shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, idan ta shiga ta wurin cizo sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alama ta fito, wani lokaci mako 1 kacal, wani lokaci har shekara. A duk tsawon wannan lokaci yaro zai riƙa wasansa lafiya lau. Amma da zarar alamu sun bayyana, kamar zazzaɓi, ruɗewa, da tsoron shan ruwa, to kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke ɗauka, kuma kamar 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin da ya kamata a yi da zarar kare ya ciji mutum shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana wankewa, har tsawon minti 15. Kowane irin sabulu ya yi, ko na wanki ne. Wannan wanki yana rage ƙwayar cutar ƙwarai. Toka, barkono, kashin shanu da baƙin mai ba sa kashe ta, sai dai su ƙara wa ciwon datti. Bayan wanki sai asibitin gwamnati mafi kusa, a faɗa wa malaman asibiti gaskiya cewa kare ne ya yi cizon. Za su yi allurar rigakafi a dantse, a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da sauran yadda likita ya tsara. Idan cizon ya yi zurfi, ko a fuska ne ko wuya ko hannu, akwai wata allura ta dabam da ake yi a bakin ciwon. Masu tsoron tsohuwar allurar nan ta ciki mai yawa su kwantar da hankali, an daina ta. Idan ba a samu allurar a kusa ba, a nemi takarda a wuce Kano ko Zariya. Kuɗin mota da na allura da nauyi, mun sani, amma gara a sayar da akuya a ceci rai.

Shi kuma karen, idan an san mai shi, a ɗaure shi a wuri guda, a ba shi abinci da ruwa, a zuba masa ido kwana 10. Idan ya wuce kwanakin nan garau, alama ce ba shi da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon. Amma fa ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a fara allura, likita ne zai ce a ci gaba ko a tsaya. Idan kuwa karen ya sauya hali, yana dalalar da yawu, yana cizon icce da dutse, muryarsa ta sauya, ko ya yi laƙwas bakinsa a buɗe, to a sanar da malamin dabbobi nan take. In ya mutu ko an kashe shi, kada a taɓa gawar da hannu haka nan, domin ana iya kai kansa a auna. A sani kuma shanu, jakai, awaki da tumaki duk suna kamuwa idan mahaukacin kare ya cije su.

Wasiƙa ta biyu daga wani mafarauci ce a Doguwa, kusa da Dajin Falgore. Ya ce ya samu kwikwiyo guda biyu, yana so su tashi da biyayya, kuma kada su riƙa bin yara da cizo.

To Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni 3 na farko su ne lokacin da kwikwiyo yake koyon wane ne nasa, wane ne baƙo. A wannan lokaci ka bar shi ya saba da mutanen gida, da kaji, da awaki, da ƙarar babur. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya kai mako 8, domin a wajen wasa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. Ka raɗa masa suna gajere, ka zaɓi kalma guda ga kowane umurni, kamar "zo" da "zauna" da "bari", kowa a gidan kuma ya riƙe waɗannan kalmomi. Duk lokacin da ya yi daidai, ka ba shi ɗan abin taɓawa nan take ka shafa kansa. Minti 5 safe da yamma ya isa. Duka ba ya koya wa kare komai sai tsoro, kuma kare matsoraci shi ne ya fi saurin cizo. Haka nan wanda aka ɗaure dare da rana cikin zafi ba ruwa, faɗa yake koya. A sama masa inuwa da ruwa mai tsabta kullum. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yarda a ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko gadin gona, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙin ci da shanta yana wuyansa.

Yara ma a koya musu. Kada su jefi kare, kada su ja masa wutsiya, kada su matsa kusa da shi yana cin abinci ko yana barci, balle karya mai shayarwa. In baƙon kare ya nufo yaro, ya tsaya cik, hannuwa a jiki, kada ya ruga, kada ya ƙura masa ido. A kuma yi musu alkawari ba za a doke su ba idan suka faɗi cewa kare ya cije su ko ya yakushe su, domin yara da yawa ɓoyewa suke yi.

Babban abu shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo da ya kai wata 3, sannan a maimaita kowace shekara, a kuma adana takardar shaida. Karen farauta ya fi kowa buƙatarta, tunda yana gamuwa da dila da sauran namun daji. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Ka tuntuɓi malamin dabbobi a sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Saboda haka mafarauta da makiyaya su haɗa kai, su gayyato malamin rana guda, ya yi wa na kowa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. An zaɓe ta ne don tunawa da rasuwar Louis Pasteur, Bafaranshen da ya fara yi wa mutum wannan rigakafi a 1885.

Sai batun tsutsar ciki da kaska. Babban kare a ba shi maganin tsutsa duk bayan wata 3, kwikwiyo kuwa ya fi haka yawa, malamin dabbobi zai faɗi awo. Kada a yi masa wanka da maganin feshin gona don kashe kaska ko ƙuma, yana iya hallaka shi, ya kuma cuci mai wankan. Idan an yi yanka aka ga huhu ko hanta da ƙulli mai ruwa a ciki, a binne ko a ƙona, kada a jefa wa kare. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ke komawa jikin mutum da dabbobi ta hanyar kashinsa.

Wasiƙa ta uku daga wata baiwar Allah ce mai sana'ar hatsi a Tudun Wada. Ta ce kyanwarta da ke tsare mata buhunan masara ta mutu bayan an zuba maganin ɓera, ta samu wata, tana tambayar yadda za ta kiyaye ta.

To Hajiya, sannu da rashi. Kyanwa takan mutu idan ta ci ɓeran da ya ci guba, don haka a zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko guba. Tarko ya fi dacewa a gidan da ke da mage. Kada a bar ta da yunwa wai don ta yi farauta, mai ƙoshi ma tana kama ɓera, kuma ta fi zama gida. In ba ta da lafiya kada a ba ta Panadol, ko ɓari kaɗan yana kashe kyanwa. Maganin ƙuma na kare ma bai dace da ita ba. Ita ma ana yi mata allurar haukan kare, kuma cizonta ko yakushinta a wanke shi a je asibiti kamar yadda muka faɗa. Mace mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin akwai cutar da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wanda ya kwashe kuma ya wanke hannu da sabulu.

Jama'a, nan za mu dakata sai mako mai zuwa. Masu wasiƙu daga Bebeji da Kwanar Ɗangora ku ƙara haƙuri, naku suna kan layi. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.