Igiyar Labule da Wuyan Ɗan Yaye

Wanda ya biyo babbar hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, idan ya iso Figil ba sai an gaya masa garin siminti ya shigo ba. Ga masana'antar Cimencam, ga masu fasa dutsen marmara da toya farar ƙasa, ga manyan motoci a bakin titi suna jiran lodi. Garin da ke toya siminti kuwa dole gininsa ya sauya. Ɗakin ƙasa mai 'yar tagar da ake toshewa da tsumma yana ja da baya, ginin bulo mai faffaɗar tagar gilashi yana ƙaruwa. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura, irin wannan taga ba ta zama haka kawai, sai an sa mata abin tare rana.

Yawancin gidaje har yau labulen yadi suke ratayawa, wanda tela ya ɗinka aka zura a waya ko sanda. Amma akwai wani baƙon labule da aka fi gani a ofisoshi, otal-otal da shagunan magani na Garwa, wanda ke bin ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa gida sannu a hankali. Wani da siraran fallayen roba ko alminiyam ake yin sa, wani da yadi mai naɗewa, ana ɗaga shi ana sauke shi da igiya ko da 'yar sarƙa mai ƙwayoyi kamar carbi. Yana da kyan gani, kuma idan ya yi ƙura tsumma ya isa, ba sai an kai shi wanki ba. Matsalarsa ɗaya ce: igiyar nan da ke reto a gefen taga. Ƙasashen da suka riga mu amfani da shi sun binne yara ɗaruruwa a dalilinta.

A farkon 2018 mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga binciken da masana na wani asibitin yara da ke Columbus a jihar Ohio suka yi. Sun gano cewa daga 1990 zuwa 2015, kusan yara 17,000 'yan ƙasa da shekara 6 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da irin wannan labule ya ji musu, wato wajen yara biyu kullum. Yawancinsu buguwa ce da yanka, suka warke. Amma an ƙirga 271 da suka rasu, kusan dukkansu igiya ce ta shaƙe su. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne yanayin da abin ke faruwa. Ba yaran da aka yi watsi da su ba ne. Galibi iyaye suna gida, an kwantar da yaro barci ko an bar shi yana wasa, an fita na 'yan mintoci, aka dawo aka tarar da mai aukuwa ta auku.

Me ya sa siririyar igiyar da babba zai tsinka da hannu take kashe yaro? Mutane da yawa suna zaton sai an toshe maƙogwaro ake shaƙewa, alhali kafin a kai ga maƙogwaro an riga an gama. A gefen wuya akwai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da waɗanda ke dawo da shi. Likitocin binciken gawa sun daɗe da auna cewa, ko a jikin babba, nauyin kilo 2 kacal ya isa ya danne masu dawo da jini, kilo 5 ya danne masu kaiwa, maƙogwaro kuwa sai wajen kilo 15. Yaro ɗan shekara biyu yana da nauyin kilo 12 ko kusa da haka. Ke nan ba sai ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Ya isa ya zura kai cikin madaukin igiya, ya zame ko ya durƙusa, wani ɓangare na nauyinsa ya koma wuya. Cikin daƙiƙa 15 zai iya suma. Idan ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 ba iskar da jini ke kai mata, lalacewar da ba ta gyaruwa ta fara.

Kuma ba a jin kuka. Wannan shi ne abin da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Yaron da ya faɗi yana tsala ihu, wanda ya taɓa wuta unguwa ma sai ta ji, amma wanda igiya ta kama wa wuya shiru yake yi. Uwa tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin ɗaki tsit, sai ta ce alhamdulillahi ya yi barci.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan wata 16 zuwa wata 36. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ko na Bafillace ya san wane lokaci ne wannan: lokacin yaye. Jariri yana bayan uwarsa a goye, ba igiyar da za ta kai gare shi. Da ya sauka daga baya, ya iya tafiya, ya fara hawa gado da kujera, wataƙila ma an samu ƙani, sai rainonsa ya koma hannun yayarsa 'yar shekara bakwai ko a kai shi ɗakin kaka. A daidai wannan gaɓa kansa ya yi wa jikinsa nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, hannunsa bai iya kwance abin da ya naɗe shi ba, ga shi kuma ba abin da yake so kamar leƙen taga. Mu kuma, saboda neman iska, a gindin taga muke ajiye gado.

An ƙirƙiro na'urori na rage wannan haɗari, kuma ba wasu abubuwan mamaki ba ne. Mafi sauƙi shi ne maratayi mai ƙaho biyu da ake kafawa a bango, a naɗe rarar igiya a jikinsa duk lokacin da aka ɗaga labule. Wanda bai samu na kanti ba, ƙusa biyu a jere, tazarar yatsu huɗu a tsakaninsu, sun yi aikin. Labule mai sarƙa ko igiyar da ke zagayawa ba ƙarshe, shi kuma maɗauri ake sa masa, wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaure wa bango da noti, ya ja sarƙar ta miƙe ɗam yadda kan yaro ba zai shiga ba. Akwai kuma mahaɗi mai ɓallewa, wanda ke haɗa bakin sarƙa biyu, idan nauyi ya hau shi ya rabu. Ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba EN 13120, wadda aka tsaurara a Fabrairun 2014 kuma Faransa ke aiki da ita, ta ce maratayi da maɗauri kada su yi ƙasa da mita 1.5 daga daɓe, mahaɗi kuma ya ɓalle idan nauyi ya kai kilo 6.

Sai dai kowace daga cikinsu tana da inda take gazawa. Maratayi yana aiki ne muddin akwai mai tunawa ya naɗe igiyar, safe da yamma, har da ranar da aka yi baƙi da ranar da uwa ke fama da zazzaɓi. Maɗauri idan notinsa ya saki daga bango, ya koma abin wasa mai reto. Mahaɗi mai ɓallewa ba ya ɓallewa idan igiyar ta zagaye wuya sau biyu. Mita 1.5 ɗin ma daga daɓe ake aunawa, yaron da ya hau gado kuwa ya riga ya rage rabin mita. Sannan akwai igiyoyin ciki, waɗanda ke ratsa fallaye ko suke bin bayan labule mai ninkewa, yaro yana iya jawo su su zama madauki ko da an naɗe ta waje. Saboda irin waɗannan ne a Disambar 2009 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, CPSC, tare da masana'antu, suka yi shelar gyara labulaye kimanin miliyan 50 da ke gidajen mutane.

Tarihin Amurka a wannan batu abin nazari ne, don ya nuna iyakar gargaɗi. Tun 1996 masana'antu suka yi wa kansu ƙa'ida, suna manna takardar jan kunne, suna raba kayan gyara kyauta, amma yara ba su daina mutuwa ba. Sai a Disambar 2018 sabuwar ƙa'idar masana'antun ta tanadi cewa labulen da ake saya a kanti a shirye ya zama marar igiya, ko igiyarsa ta kasance inda hannun yaro ba ya kaiwa. Da hukumar ta yi doka a 2022 kan wanda ake yi bisa oda, ƙungiyar masana'antun ta kai ta kotu, aka soke dokar a 2023. Kanada ta fi yanke shawara kai tsaye: daga Mayun 2021, duk igiyar da yaro zai iya kamawa kada ta wuce santimita 22. Kamfanin IKEA kuwa tun 2016 ya daina sayar da mai igiya a shagunansa. Waɗanda suka fi mu kuɗi da yawan masu karanta takardar gargaɗi sun gwada na'ura shekara ashirin, daga ƙarshe suka koma cire igiyar. A ganina, magidancin da ke da ƙananan yara kuma bai riga ya saya ba, ya tsaya kan labulen tela, ko ya nemi wanda ake turawa da hannu ko ake juyawa da sanda.

Kayan da ke isowa arewacin Kamaru, ko ta tashar Duwala da jirgin ƙasan Ngaundare suka biyo, ko ta Mubi da Yola, da yawa ba don kasuwar Turai ko Kanada aka yi su ba. Wani ma gwanjo ne, an ciro shi daga tagar wani, ba kwali ba takarda. Idan kuma maɗaurin ya zo a 'yar leda, sau da yawa mai kafawa yana ganin ƙarin aiki ne, huda bangon siminti kuma ba wasa ba, sai ledar ta bi shara. Kamaru tana da hukumar ƙa'idoji da ingancin kaya, ANOR, wadda aka kafa a 2009, kuma irin wannan kaya ya cancanci ta sa masa ido tun bai cika gidaje ba. Amma kafin takardar Yawunde ta iso yankinmu na Mayo-Luti, mai saye ne zai buɗe baki. Ba abin kunya ba ne mutum ya ce wa mai shago, “Alhaji, ina abin ɗaure igiyar?” Idan ya ce babu, a duba shagon gaba.

Wani zai ce, mu da ba mu da labulen ofis, ina ruwanmu? Ai wuyan yaro bai san sunan igiya ba. A shiga ɗakin kowace mace a Figil ko Bidzar a duba. Tun 2011 gwamnati ke rabon gidan sauro mai magani gida-gida, kuma a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina, ba mai hankalin da zai ce a sauke shi. Amma da me ake ɗaure shi? Da igiyar buhu ko ƙyallen atamfa, daga kusurwa zuwa ƙusa, rarar tana lilo daidai kan katifa. Da safe a tattara ragar a cusa ta a sama, wani gefen ya zubo ya yi aljihu. Gyaran bai wuce a yanke rara, a ɗaga ƙusa, a naɗe ragar sosai idan gari ya waye ba. Haka igiyar shanya da ake ratsawa cikin ɗaki da damina, da igiyar da labulen ƙofa ke rataye a kai idan ta saki ta yi ciki, da lilon da yara ke ɗaurawa a reshen darbejiya su tafi makaranta su bar wa ƙanensu, da wayar cajar da ke reto daga soket a kan gado, da ragowar igiyar akuya a turke.

Akwai kuma wadda muke sa wa yaro da hannunmu, wato igiyar laya. Ba zancen amfanin laya ko rashinsa nake yi ba, wannan na malamai ne. Zancen tsirkiyar fata ko zaren lailon nake yi, wanda ba ya tsinkewa, a wuyan yaron da ke rarrafe ƙarƙashin gado da kusa da ƙusoshi. Wadda ta ga lallai sai ɗanta ya sa, ta ɗinke ta a jikin riga, ko ta yi amfani da zaren da zai tsinke idan ya maƙale, ta kuma cire idan zai kwanta. Zariyar wuyan riga da igiyar ƙaramin hijabi ma a rage musu tsawo.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka tarar da yaro a maƙale, minti na farko ya fi asibiti muhimmanci, don daga Figil zuwa Garwa tafiyar wajen kilomita 90 ce, ko asibitin gundumar ma sai an nemi babur. A fara ɗaga jikinsa sama don nauyi ya bar wuya, sannan a zare igiyar ko a yanke ta. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, a hura masa iska a baki sau 5 a hankali har ƙirji ya ɗaga, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da tafin hannu ɗaya, a hura sau 2, a ci gaba da haka yayin da wani ke neman abin hawa. Kada a tsaya yayyafa ruwa, ko girgiza shi, ko ɗura masa wani abu. Ko da ya farfaɗo ya yi kuka, sai an kai shi likita ya gani, don wuya yana iya kumbura daga ciki bayan sa'o'i. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da wannan taimakon gaggawa, kuma ya dace ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya su gayyato ta.

Kira na musamman ga kafintoci, masu haɗa tagar alminiyam da masu kafa labule na Figil, Gidar da Garwa: ku ne kuke riƙe da na'urar huda bango a ranar da ake kafawa, maigida kuma abin da kuka ce shi zai bi. Ku tambaya ko akwai ƙananan yara a gidan, ku kafa maɗaurin ko ba a ce ku kafa ba, ku auna mita 1.5 daga inda yaro zai iya tsayawa, ku ce wa uwargida ta janye gado daga gindin taga kafin ku karɓi kuɗin aikinku.