Siririn Harafi a Bakin Ruwan Yauri

Duk wanda ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Yelwa, ko ta Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ido ba zai rasa rubutu ba: sunayen jirage, allunan shaguna, fastocin 'yan siyasa. A cikinsu akwai wani samfuri da masu kwamfuta ke ji da shi, haruffa dogaye matsattsu, gefe ɗaya da kauri, ɗayan siriri kamar zare. Suna da kyau, ba musu. Amma ina ganin bakin ruwa ba wurinsu ba ne.

Asalinsu na ma'abota littafi ne. Giambattista Bodoni, wani mai ɗab'i a birnin Parma na Italiya, ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa haruffa a jikin ƙarfe, yana rage siririn gefen har ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 1813 bai kammala babban kundin haruffansa ba, sai matarsa ta fitar da shi a 1818, juzu'i biyu. Ku lura: takarda mai santsi, tawada baƙa ƙirin, mai karatu na zaune da littafin a hannu. Wannan shi ne sharaɗin. Daga baya ne aka matse irin waɗannan haruffa don talla, kamar samfurin Onyx da aka fitar a Amurka a 1937.

To a kai su gaɓar tafkin Kainji, inda rana ke dukan ruwa tana kashe ido, fenti na ɓarewa, mai karatu kuma yana cikin kwale-kwale daga nesa. Siririn layin ne zai fara tafiya, a bar sanduna tsaitsaye jere. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ma ta bi shi. Idan katin biki ne, ba a yi asarar komai ba. Idan kuwa allon da ke faɗin yawan fasinja ne, ko gargaɗin sa rigar kariya daga nutsewa, mutanen da suka ga hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 sun san ba abin wasa ba ne.

Mai fenti zai ce, ranka ya daɗe, katakon ƙarami ne, maganar kuma doguwa. Gaskiyarsa. Sai dai matsewa daban, sirantawa daban. Samfurin Impact, na 1965, matsattse ne amma kaurinsa kusan ɗaya ko'ina, kuma ana karanta shi daga nesa. Idonmu ma da kauri ya saba, ku dubi rubutun allo da alƙalamin kara.