3.3 Daga Kyoto Zuwa Paris: Matsalar Rabon Nauyi

Kamar yadda aka gani a fasalin da ya gabata, taron Rio na 1992 ya amince cewa rage iskar da ke ɗumama duniya alhaki ne na kowace ƙasa, amma ƙasashe masu masana'antu su ne za su ɗauki kaso mafi tsoka, domin su suka daɗe suna fitar da ita. A nan za a duba yadda wannan rabo ya dagula tarurrukan da suka biyo baya.

Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta wajabta wa ƙasashe masu arziki su rage kimanin kashi 5 cikin ɗari na abin da suka fitar a 1990, tsakanin 2008 da 2012. Ba ta ɗora wa Sin da Indiya wani adadi ba. Da wannan Amurka ta kafa hujja. Ta sa hannu, amma majalisar dattawanta ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar ba, kuma a 2001 Shugaba Bush ya yi watsi da ita. Sai a 2005 ta fara aiki, bayan Rasha ta amince. Kafin wa'adin ya cika, Sin ta riga ta zarce Amurka wajen fitar da iskar kabon, Kanada kuma ta sanar da ficewarta a 2011. Ke nan, manyan masu gurɓatawa biyu suna waje.

Taron Paris na 2015 ya juya tsarin. Kusan kowace ƙasa ta shiga, amma ita za ta yanka wa kanta abin da za ta rage, kuma babu hukunci a kan wadda ta gaza. Wato an sami yawan mahalarta, an rasa ƙarfin tilastawa. Amurka ma ta fita a 2020, ta koma a 2021, sannan a 2025 Shugaba Trump ya sake ba da umarnin ficewa.

Ba za a ce ba a cimma komai ba, domin Tarayyar Turai ta rage fiye da kashi 30 cikin ɗari daga matakin 1990. Sai dai a duniya baki ɗaya, iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona kwal da man fetur da gas ta tashi daga kimanin tan biliyan 22 a 1990 zuwa kimanin biliyan 37 a 2023.