Abin da Laka Ke Ɓoyewa: Daga Fadamar Mairuwa zuwa Kurmin Kwango

Baƙar ƙasar fadama, irin wadda manoman rani ke juyawa da fartanya a gefen madatsar ruwa ta Mairuwa a ƙaramar hukumar Faskari, baƙinta daga ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi yake. Sai dai ruɓar tana ƙarasawa. Da rani ya yi, ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage, iska ta shiga, gara da ƙananan halittu su cinye abin da ya saura. Inda ruwa ke kwance shekara da shekaru kuwa, ganye da itace ba sa samun iskar da za ta ruɓar da su gaba ɗaya, sai su yi ta taruwa wani kan wani har su zama ƙasa mai laushi kamar soso, wadda masana ke kira fit. Taruwarta a hankali ce ƙwarai, sau da yawa abin da bai wuce milimita ɗaya ba a shekara.

Mafi faɗin irin wannan ƙasa a yankuna masu zafi tana ƙarƙashin kurmin ruwa na tsakiyar kwarin Kwango. A 2017 masu bincike, cikinsu har da Greta Dargie da Simon Lewis, suka ƙiyasta faɗinta da murabba'in kilomita 145,500, tana riƙe da kimanin tan biliyan 30 na kabon, kuma ta fara taruwa shekaru 10,600 da suka wuce. Haɗarinta bushewa ne: a Indunusiya, inda aka yanka magudanai domin gonakin kwakwar manja, ƙasar ta kama da wuta a 2015, ta yi ta ci ta ƙarƙashi tsawon makonni.

Amfaninta ga tarihi ya ma fi ban sha'awa. Tsirrai da yawa suna da bununi mai siffar da ake gane su da ita, kamar wanda ke zuba daga kan gero, kuma ɓawon bununi ba ya ruɓewa cikin laka marar iska. Akan soka dogon bututu a zaro lakar a jere, ta ƙasa ita ce tsohuwa, a yanka ta sala-sala, a ƙirga bununin kowane sala da madubin ƙara girma.

An yi haka a yankin Manga na jihar Yobe, a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi. Binciken da Ulrich Salzmann da Martyn Waller suka wallafa a 1998 ya nuna cewa wuraren da yau sai goruba da kanwa, a da kurmin ruwa ne, har da malmo, itacen da yanzu sai an gangara kudu ake samunsa da yawa a bakin rafi. Kimanin shekaru 3,300 da suka wuce kurmin ya ɓace, tsirran sahel suka maye gurbinsa. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, mai shekaru kusan 8,000, shi ma daga wancan zamani na yalwar ruwa ya fito.

Lakar da ke kwance a gindin madatsa irin ta Mairuwa ƙarama ce a shekaru, labarinta bai wuce ranar da aka tare ruwan ba. Mai neman tsohon tarihin dajin kudancin Katsina sai ya nemi fadamar da ko a tsakiyar bazara ƙafa ke nutsewa a cikinta.