Mutum-mutumin ƙarfe a hamadar Nevada: abin da ya kamata ku sani

A wane biki ake kafa shi?

Sunansa Burning Man, wato mutumin da ke cin wuta. An fara shi a 1986 a bakin teku a birnin San Francisco na Amurka, inda Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka ƙona wani mutum-mutumin katako. A 1990 aka mayar da bikin hamadar Black Rock da ke jihar Nevada. Yanzu mutane kusan 70,000 ne ke taruwa a can duk ƙarshen Agusta, su kafa gari na mako guda, sannan su kwashe komai su tafi.

Mahalarta kan kawo nasu mutum-mutumin, amma kada sunan ya ruɗe ku. Na katako ake ƙonawa. Na ƙarfe kuwa, wanda ya kawo shi shi zai kwashe abinsa.

Me ake ginawa?

Ku ɗauki misalin Big Rig Jig, wanda Mike Ross ya kai bikin a 2007. Tankokin dakon mai guda biyu ya samo, irin masu taya 18, aka yanka su, aka lanƙwasa, aka yi musu walda har ɗaya ta tsaya a kan ɗaya suna kallon sama, tsayinsu ya haura mita 12. Ba sai an yi wa mai kallo dogon bayani ba: zancen man fetur ake yi, da yadda duniya ta rataya a wuyansa.

Wa ke biyan kuɗin?

Nan ne gizo ke saƙa. Masu shirya bikin suna ware sama da dala miliyan 1 a shekara don tallafa wa ayyuka kusan 70. Idan kuka raba, za ku ga rabon kowa bai taka kara ya karya ba, kuma dama tallafin wani ɓangare ne na kuɗin, ba duka ba. Ana nemansa tun ƙarshen shekarar da ta gabata, da zanen aikin da lissafin abin da zai ci.

Za ku ce, me zai hana a nemi kamfani ya ɗauki nauyi a manna sunansa a jiki? Dokar bikin ta hana talla, ta hana saye da sayarwa in ban da 'yan abubuwa irin ƙanƙara. Don haka sai mai aikin ya koma ga jama'a: ya buɗe asusun karo-karo a intanet, a dandali irin Kickstarter, ya shirya taron neman gudummawa, ya cike giɓin daga aljihunsa. Ƙwadagon kuwa kusan gayya ce. Masu walda da masu haɗa lantarki suna zuwa bayan sun tashi daga aiki, wata da watanni, ba ko sisi. A ganina waɗannan su ne suka fi biya, ko da yake sunansu ba ya fitowa a lissafi.

Me ke cin kuɗin?

Ƙarfe da hayar wurin aiki suna ci, amma jigila ma ba baya ba. Daga Reno, mafi kusa a cikin manyan birane, sai an yi tafiyar sama da kilomita 150. Saboda haka gunduwa-gunduwa ake ƙera aikin, kowace daidai bayan tirela, a haɗa a can da injin ɗaga kaya. Sai injiniya ya lissafa ƙarfin iska, a kafa turakun ƙarfe cikin ƙasa, domin guguwar wurin tana da ƙarfi, kuma mutane na hawa. Ƙurar ma mai kanwa ce, tana sa tsatsa, tana toshe injuna.

In an tashi fa?

Filin na gwamnatin tarayyar Amurka ne, kuma jami'anta suna zuwa duba shi bayan an watse. Ma'aikatan kowane aiki kan bi wurinsu da mayen ƙarfe suna tsince ƙusa da ɓurɓushin walda. Daga nan sai neman wurin ajiya, wanda shi ma kuɗi ne, har a samu mai saye ko birnin da zai karɓa. Big Rig Jig ta je Ingila a 2015, yanzu kuma tana tsaye a Las Vegas.